ENSP ko makarantar kuɗi: amsa ga ƙanwarmu mai son aikin labo

Ƙanwata, barka da samun bak, Allah ya sanya albarka. Tsakanin ENSP, wato makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, da makarantar kuɗi da kike shawara a kai don koyon aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ni na zauna a bencin kowace, saboda haka abin da na gani da idona zan gaya miki. Ki nufi ENSP, ta Yamai mai sunan Damouré Zika ko ta Damagaram, duk wadda Allah ya ba ki. Ko da kwankur ɗin bana ya kuɓuce miki, ki jira na baɗi.

Ni ban jira ba. Shekarar da na faɗi kwankur, kunyar zaman gida a Tawa ta hana ni sakat, Baba ya sayar da albasarsa tun farashi bai tashi ba ya biya mini wata makarantar kuɗi a Yamai. Bene mai fenti, allo babba a ƙofa, ciki kuma mikuroskof uku ga aji guda, ɗaya ma idonsa mai ƙara girma sau 100 ya daɗe da mutuwa. Shekara guda na yi ina kwafar hoton ƙwayar palu daga allo zuwa littafi. Akwai masu zaman kansu da ke ƙoƙari, na yarda, na yi aiki da yara biyu ko uku da suka fito da hannu mai kyau. Amma sai kin tona sosai kafin ki dace, kuma kuɗin ba ya dawowa.

Da na sake kwankur na shiga ENSP, abin da ya canza rayuwata shi ne sitaj. An tura mu Babban Asibitin Ƙasa na Yamai cikin damina, lokacin da palu ke kan ganiyarsa, daga Agusta har wajen Oktoba. Akwai wani dattijo a benci, wato teburin gwaji, majo muke ce masa, mutum marar yawan magana, Allah ya saka masa da alheri. Wata rana aka kawo jinin yaro ɗan shekara uku, jiki zafi rau, har ya fara suma. Na yi gut efes, wato ɗigon jini mai kauri a kan gilashi, na rina da Giemsa, na leƙa na ɗan lokaci na ce babu kome. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni fili nawa na duba, wato gurbin da ido ke gani lokaci ɗaya a mikuroskof. Na ce kamar ashirin. Ya ce, ƴata, ba a cewa babu sai an duba fili 100, koma ki zauna. Sannan ya ɗaga gilashin sama wajen taga ya ce launin ya yi ja da yawa, da wane ruwa na haɗa? Ruwan famfo ne. Ya sa na sake wani da ruwan da aka daidaita a pH 7.2, kashi 10 cikin ɗari na Giemsa, minti 10. Da na mayar da ido, ga su nan, ƴan zobba shuɗɗa da ɗigon ja a gefe, falsifarom, ƙwayar palu mai tsanani. Ya tsaya a kaina har na ƙirga su a gaban fararen ƙwayoyin jini 200 na fitar da adadi. Hannuna na rawa na rubuta sakamakon. Bayan kwana huɗu na ga yaron goye a bayan uwarsa yana cin ƙosai a bakin ƙofa.

Irin wannan tsayuwar a kanki ita ce kike saya idan kika zaɓi makaranta. A can aka koya mini cewa shimfiɗaɗɗen jini ne ake kafewa da metanol, mai kaurin ba a taɓa shi. A can na ga ƙwayar tarin fuka ja a kan shuɗi bayan rinin Ziehl, na ga ƙwan tsargiya mai ƙaya a gindi cikin fitsarin yaran bakin kogi, na koyi cewa gwajin Emmel yana nuna akwai amosanin jini amma ba ya raba AS, mai ɗauke da shi kawai, da SS, mai ciwon, sai an yi wani gwaji da ake kira elektiroforez. Rukunin jini kuwa, dole a gwada ta fuska biyu, ƙwayoyi da ruwan jini, su yarda da juna kafin a rubuta a kati. Kuskure a nan ba ya gyaruwa.

Za ki ji ana cewa yanzu zamanin inji ne, ga TDR, gwajin palu na gaggawa, ga injin GeneXpert, wa ke buƙatar mikuroskof. Masu faɗar haka ba su yi aiki a asibitin gunduma ba. GeneXpert na da kyau ƙwarai, cikin kusan awa 2 yana ba ki tarin fuka har da ko yana jin rifamfisin. Amma ranar da wuta ta ɗauke, ko harsashin injin, wato kwanson da ake zuba samfur a ciki, ya ƙare, ko zafin Afrilu ya buga shi, idonki da hannunki ne suka rage. TDR kuma yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya sha magani ya warke, kuma ba ya gaya miki yawan ƙwayar. Nan Tawa da nake aiki yanzu, yaron da bai iya benci ba, sati guda ya isa a gane shi.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don abin yana ci mini rai. Ki kiyayi masu cewa suna da hanya a kwankur, a ba su kaza su sa sunanki. Ƙarya ce, kuɗin iyayenki za su ci, in kin ci da ƙoƙarinki su ce aikinsu ne, in kin faɗi su kashe waya. Haka masu buɗe makaranta da izinin koyar da aikin jinya kaɗai, sannan su liƙa fannin labo a allo. In har dole ta sa sai ta kuɗi, ki je da yayanki ko kawunki, ku ce a nuna muku takardar izinin gwamnati, ku karanta ku ga sunan fannin labo a rubuce ciki. Ku ce a buɗe muku ɗakin gwaji, ku ƙirga mikuroskof masu aiki, ku duba ranar mutuwar magungunan da ke kan kanta. Ku tambayi asibitin da suke tura sitaj, sannan ku je asibitin da ƙafarku ku tambayi ma'aikatan labo ko sun san ɗalibansu. Wanda ya fara kame-kame a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ku yi masa sallama.

Batun aiki bayan shekara 3 na karatun, kada ki sa rai gwamnati za ta ɗauke ki washegari. Yawancinmu ta hidimar ƙasa ko kwantaragi muka bi. Amma wurare na nan: asibitocin gunduma, manyan asibitocin jiha (CHR), cibiyoyin ƙarin jini, kilinik masu zaman kansu, asibitin Galmi, ƙungiyoyin agajin lafiya irin MSF da ke aiki a Madawa. Mai son bincike kuma ta sa ido kan CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, su ne ke tantance samfurin sanƙarau na ƙasa, kuma sun yi aiki ba dare ba rana a annobar 2015.

Tun yanzu ki fito da littattafanki na SVT da kimiyyar sinadarai na ajin ƙarshe, ki nemi tsofaffin tambayoyin kwankur wajen waɗanda suka riga ki. Kuma kafin ki taɓa allura ko ɗaya a sitaj, ki je a gwada ki ciwon hanta nau'in B, in ba ki da shi ki karɓi rigakafin nan guda 3 har ƙarshe. Idan kin shirya takardunki ki yi mini magana ta gefe, ina da tsofaffin darussana zan aiko miki.