Kin Fito Makarantar Jinya: Wane Fanni Za Ki Ɗauka?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ya fito, wayata ba ta hutawa. 'Ya'yan ƙawaye da na maƙwabta, kowacce da tambaya ɗaya: "Sista, wane fanni ya fi?" Nakan ce su fara gaya mini garin da suke sa ran zama nan da shekara biyar, da kuma wad ɗin da suka yi aikin dare a cikinsa lokacin koyo ba su riƙa duban agogo ba. Da amsar nan biyu ake zaɓen fanni. Sunan fanni ba ya tsaya miki aiki ƙarfe ukun dare.

Kafin komai, kada ki yi gaggawa. Kwasa-kwasan ƙwarewa na bayan rajista suna ɗaukar wata 12 zuwa 18, kuma yawancin makarantun suna son ki taɓa aiki tukuna. Shekara ɗaya ko biyu a wad ɗin maza, na mata da na yara za su koya miki abin da aji bai koyar ba: sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar da ta ɓuya, gane mara lafiyar da ke shirin rikicewa tun kafin na'ura ta nuna, da yadda ake magana da dangin da suka cika baranda. Wadda ta yi digiri a jami'a tana da shekarar horo a asibiti da ta bautar ƙasa, su ma dama ce ta leƙa ko'ina.

Ungozomanci zan fara da shi, kuma ba zan ɓoye cewa nan zuciyata take ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma kowa ya san arewa ta fi ɗaukar nauyin. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta. Kusan duka ungozoma mai ido tana iya tare su ko ta tura da wuri. Ban manta wata yarinya da aka kawo mana cikin a-daidaita-sahu da asuba ba, tana jijjiga, harshenta duk ta tattaune, uwarta na cewa iska ce ta buge ta. Muka kwantar da ita ta gefen hagu, muka yi mata allurar magniziyam salfet, muka sa robar fitsari, ina zaune ina ƙirga numfashinta ina buga gwiwarta in ga ko maganin bai yi yawa ba. Da hantsi ta buɗe ido ta tambayi ina jaririnta. Irin wannan safiya ce ladan aikin.

Ribar takardar ungozoma ita ce ba ta rasa wurin aiki. Daga asibitin koyarwa har ƙaramin asibitin ƙauye ana neman ki, kuma idan aure ya kai ki Gumel ko Illela ko Azare, da sana'arki za ki tafi. Kwas ɗin wata 18 ne ga wadda ta riga ta zama nas. Tana kuma buɗe ƙofar aikin yoyon fitsari, irin wanda ake yi a Babbar Ruga a Katsina, da Ningi, da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano. Wahalarsa kuma ba ƙarama ba ce. Jini da ruwan haihuwa za su zama abokan kullum, za a riƙa kawo miki mace bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, idan abin ya ɓaci kuma ke za a fara kallo. Ga 'yan'uwa maza da suka karanta jinya, gaskiya ita ce matanmu da mazajensu sun fi sakin jiki da mace a ɗakin haihuwa, don haka ƙarfinku ya fi amfani a wani fannin.

Ɗakin tiyata fanni biyu ne da mutane ke haɗawa. Akwai nas mai taya likita aiki, wadda ke shirya kayan aiki, ta miƙa su, ta ƙirga auduga da almakashi kafin a buɗe ciki da kuma kafin a rufe. Wannan yana son mai tsari wadda za ta iya tsayuwar awa huɗu ba ta jingina ba, kuma ba ta ɗaukar tsawar likita da zafi. Sai nas mai allurar barci da kashe zafi, kwas na wata 18. A asibitocin ƙananan hukumomi da yawa babu likitan wannan fanni, nas ne ke riƙe da ran mutum tun daga allurar baya har ya farfaɗo. Shi ya sa ake rububinsu, asibitoci masu zaman kansu ma suna kiransu aiki bayan sun tashi. Kuɗi yana shigowa fiye da na sauran fannoni da yawa. Amma ki sani wayarki ba za ta mutu da dare ba, ranar salla ma ana yi wa mata aiki a ciro jariri, kuma kuskuren minti uku a numfashi ba ya gyaruwa. Idan ke mai firgita ce, ki bar wa wasu.

Jinyar yara tana jan hankalin sababbin fitowa saboda son jarirai, sai dai son jarirai bai isa ba. Je ki asibitin yara na Hasiya Bayero a Kano cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, ki tsaya ki ga yawan uwaye. A wannan fanni ana lissafa magani da nauyin yaro, ɗigon lissafi ɗaya a gurbin da ba nasa ba yana mayar da magani guba. Yaro mai tamowa ba a ɗura masa ruwa ko abinci yadda aka ga dama, da madarar asibiti ta musamman mai suna F-75 ake lallaɓa shi kafin a kai ga mai ƙarfi. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta nuna irin ƙarancin hannun da ake da shi. Ƙungiyoyin agaji irin su MSF, ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, suna ɗaukar masu wannan ƙwarewa a Katsina, Kano da Maiduguri, da asibitin cutar noma mai cin fuskar yara da ke Sakkwato, amma aikinsu na kwantiragi ne, yana iya ƙarewa. Kada ki ajiye aikin gwamnati dominsa sai kin yi lissafi da kyau.

Akwai fannin da nake jin takaicin yadda ake gudunsa, wato jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwa kan ce wai mai aiki da mahaukata shi ma yakan taɓu. Maganar banza ce. Shaye-shayen da ya cinye matasanmu, matan da hankalinsu ke gushewa bayan haihuwa, mutanen da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya bar wa firgici, duk suna jiran wanda zai saurare su. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Aikin ba na gudu da jini ba ne, na haƙuri ne da iya zance. Mazan da ke neman fanni su dube shi da kyau.

Wasu fannonin suna ɗaure ki da babban gari. Wankin ƙoda, alal misali: mara lafiya yana zuwa sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, har ki san sunan 'ya'yansa, ki kuma ga ranar da kuɗin gidan suka ƙare ya daina zuwa. Asibitin Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002, wuri ne na koyon wannan. Haka ɗakin kulawa ta musamman, sai inda ake da na'urori da wuta tsayayya. Idan kin ƙware a nan aka mayar da ke asibitin da ba shi da injin, hannunki zai yi sanyi cikin shekara biyu. Jinyar ƙashi da ta haɗari ana samun su a asibitin Dala, inda za ki riƙa karɓar ƙafafun da maɗori ya ɗaure har suka ruɓe. Jinyar ido kuwa, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ita ce na fi ba mace mai ƙananan yara shawara a kai, domin yawancin aikin na rana ne, kuma ba ƙaramin daɗi ba ne ka ga tsoho ya gane fuskar jikansa bayan an cire masa yanar ido.

Masu niyyar fita waje, Ingila ko Saudiyya, su lura cewa takardar ƙwarewa kaɗai ba ta kai mutum. Ya danganta da ƙasar, akan duba shekarun aiki a gefen gado, ko jarrabawar Turanci, da kuma jarrabawar ƙasar da za a je. Masu tiyata, kulawa ta musamman da wankin ƙoda sun fi samun kira. A 2024 hukumarmu ta fitar da sharaɗin sai an yi aiki shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Ki riƙa bin sanarwar hukumar da kanki, kada ki dogara da abin da ake turowa a WhatsApp.

Sai maganar kuɗin karatu. Wadda ta kama aikin gwamnati tana iya tafiya kwas da albashinta, bisa yarjejeniyar za ta dawo ta yi wa ma'aikatar aiki na wasu shekaru. Karanta takardar nan layi-layi kafin ki sa hannu. Ni da na tashi tafiya, takardar izinin tafiyata karatu ta kwanta a wani ofis har aka rufe ɗaukar ɗalibai, na yi asarar shekara guda, don ban bi ta da ƙafa ba. Ki fara nema wata shida kafin a buɗe, ki ajiye kwafin kowace takarda da aka buga wa hatimi, ki kuma tabbatar makarantar tana cikin waɗanda hukumar ta amince da su a wannan shekarar kafin ki biya ko kuɗin fom.