Pocket Radar Ball Coach: na'urar awon saurin jifa a filayenmu na Damagaram

Wasan besbol baƙo ne a Damagaram, garin kokowa da langa da ƙwallon ƙafa. Amma duk mai horar da yara da ya fara koyar da shi yana cin karo da tambaya guda: wannan yaron da jifansa ke ƙara a safar mai cafka (ɗan wasan da ke tsugune bayan mai bugu yana kama ƙwallo), ƙarfi gare shi da gaske ko kuwa kunne ne ke ruɗin mu? Amsar wannan tambaya ita ce aikin Pocket Radar Ball Coach, na'urar wani kamfani na jihar Kalifoniya a Amurka.

Girmanta bai wuce na wayar hannu ba, kuma ƙananan batir biyu take ci, irin na rimot. Tana harba igiyar rediyo, ta karanta yadda ta dawo daga jikin ƙwallo. Tana kama gudu daga mil 25 zuwa 130 a awa, wato kilomita 40 zuwa 209, kuskurenta bai wuce mil ɗaya ba, kuma tana ganin ƙwallon besbol daga tazarar kusan mita 36. Tana riƙe awo 25 na ƙarshe. Kuɗinta kusan dalar Amurka 300 ne, ban da kuɗin kawowa da na duwan.

Inda mutane ke ɓata awo shi ne wurin tsayuwa, kuma a nan ya kamata a natsu. Na'urar tana karanta gudun da ke zuwa mata kai tsaye ko wanda ke tafiya daga gare ta ne kawai. Da ka kauce gefe, lamba ta ragu. Karkatar digiri 10 tana cinye kashi 1.5 cikin ɗari, digiri 20 kashi 6, digiri 30 kuwa kashi 13. A ce kana bayan mai cafka, mita 20 tsakaninka da mai jifa, sai ka matsa mita 7 gefe don neman inuwar dogon yaro: yaron da ya jefa kilomita 100 a awa za ka rubuta masa 94. Ka zalunce shi, alhali na'urar ba ta yi ƙarya ba. A tsaya daidai bayan mai cafka da raga a tsakani, ko bayan mai jifa, a riƙe ta a tsaye. A danne maɓalli tun yaro yana ɗaga ƙafa, kada a saki sai lamba ta fito. Wanda ya makara zai kama ƙwallo bayan iska ta rage mata gudu, domin tsakanin wurin mai jifa da gida, wato inda mai bugu ke tsayawa, mita 18.44 ga manya, takan yi asarar kusan mil 8 a awa.

Tana kuma auna saurin ƙwallo daga bakin sanda. A ɗora ƙwallo kan matsayinta, wato ɗan turken da ake aza ta don a buga, mai bugu ya buga cikin raga, mai awo ya tsaya baya da mita 5 ko 6 a layin da ƙwallon za ta bi. Bugu biyar, a rubuta mafi girma da matsakaici.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Akwai tsarin barin ta a kunne tana karantawa da kanta, amma yana shan batir sosai, don haka a zo fili da ƙarin guda biyu. A zafin watan Afrilu da Mayu kada a bar ta cikin akwatin babur, kuma a cire batir in za a ajiye ta da daɗewa. Da hunturu, a mayar da ita jaka tsakanin awo da awo, kar ƙura ta shige ƙasan maɓalli.

To, me ba ta gani? Masu farautar 'yan wasa a Amurka suna duba abubuwa biyar: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu da iya tsaron fili, kowanne da maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Wannan na'ura biyu kaɗai take taɓawa daga ciki: ƙarfin bugu da ƙarfin hannu. Gudu da agogon awo da igiyar awo ta magina ake gane shi: yadi 60, wato mita 54.86, kuma matashin da ya sauko ƙasa da daƙiƙa 7 ya cancanci a sake kallonsa. Mai cafka ana auna shi daga ƙarar ƙwallo a safarsa zuwa ƙararta a safar mai tsaron tasha ta biyu, mita 38.8, ƙwararru suna yi a wajen daƙiƙa 2. Na'urar ba ta kuma san ko ƙwallo ta faɗa inda aka nufa ba. Yaro mai kilomita 95 da ke saka bakwai cikin goma a inda ake so ya fi mai 105 da ke jifa ko'ina amfani.

Abin da ya fi damun mu shi ne hannun yara. Ka lura da ɗan shekara 12 ranar da aka fito da na'urar: da ya saki ƙwallo sai ya waiga, idonsa kan allon, jifa na gaba ya cije leɓe ya ƙara ƙarfi, gwiwar hannunsa ta faɗo ƙasa da kafaɗa. Ta haka jijiya ke lalacewa. Ƙa'idar Pitch Smart ta hukumomin besbol na Amurka ta kayyade jifa 75 a rana ga 'yan shekara 9 zuwa 10, 85 ga 'yan 11 zuwa 12, 95 ga 'yan 13 zuwa 16, kuma ɗan ƙasa da 15 da ya kai jifa 66 sai ya huta kwana huɗu. Shawararmu: awo sau ɗaya a wata, bayan ɗumama jiki na minti 15, jifa biyar kacal, allon yana fuskantar malam ba yaro ba. A rubuta kwanan wata, shekaru, tsayi da nauyi kusa da lambar, don a gwada yaro da kansa na watan jiya.

Ga uba mai ɗa guda, kuɗin ya yi yawa, gara ya sayi safar hannu da ƙwallaye da agogon awo. Ga makaranta ko ƙungiya mai yara ashirin zuwa sama, da ta riga ta mallaki raga da littafin rubuta awo, guda ɗaya ta ishe su, kuma ta cancanci kuɗinta.