Sharhi kan takardar lafiyar OFA ga masu kiwon manyan karnuka

OFA, wato Orthopedic Foundation for Animals, gidauniya ce a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, an kafa ta a 1966, kuma aikin da aka fi saninta da shi shi ne tantance gaɓar ƙugun karnukan da za a yi barbara da su. A manyan nau'o'i irin su Great Dane, Mastiff, Saint Bernard da Boerboel, ɗaya daga cikin cututtukan gadon da suka fi addabar masu kiwo ita ce sakwarkwacewar wannan gaɓa. Kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa, sai ya riƙa goga har amosani ya kama, kare mai kilo 60 ko 70 ya koma ɗingishi tun yana da ƙuruciya.

Likitan dabbobinka ne zai ɗauki hoton ƙashi, OFA karantawa kawai take yi. Ana kwantar da karen rigingine, a miƙe ƙafafun baya su yi daidai da juna, a ɗan murɗa gwiwoyi ciki. Ƙugu ya karkata ko kaɗan, to gefe ɗaya zai fito kamar gurbinsa ba zurfi, shi ya sa ya fi kyau a yi masa allurar barci ko da yake ba a wajabta ba. Karya kuma a bar tazarar wata guda kafin ko bayan lokacin barbararta, haka bayan yaye, don gaɓoɓinta kan saki a wannan tsakanin. Ƙwararru uku ne ke duba hoton, kowa shi kaɗai, a fitar da mataki ɗaya cikin bakwai. Excellent, Good da Fair ne suka tsallake. Takardar dindindin sai kare ya cika wata 24.

Abin da ya fi burge mu shi ne rumbun bayanansu na intanet, kyauta ne ga kowa. Ka sa sunan kare, sai ga sakamakon uwa, uba, 'yan uwansa da 'ya'yansa. Nan ribar take, domin ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo cutar ba. Karen da ya samu Fair amma 'yan cikinsu duk lafiya ya fi mai Excellent wanda 'yan uwansa suka faɗi. Lambar da ke kan takardar ma tana magana: G24M na nufin Good, an ɗauki hoton yana wata 24, namiji ne. In ta ƙare da VPI, likita ya tabbatar da ɗan cif ɗin da aka dasa a fatarsa ko zanen shaidarsa. In NOPI ce, babu abin da ya ɗaure hoton da wannan karen. Mai sayen kwikwiyon Boerboel ko Caucasian a Abuja ko Jos da aka ce masa iyayen 'yan waje ne masu takardar OFA, ya karɓi lambar ya duba da kansa kafin ya biya.

Sai dai akwai rauni. Miƙe ƙafafun nan yana murɗe jakar da ta lulluɓe gaɓar, ya tura kan ƙashi cikin gurbi, sakin ya ɓuya. Wani bincike na 2010 kan karnuka 439 ya gano cewa kashi 52 cikin ɗari na masu Excellent suna da sakin da ya kai 0.3 ko fiye a ma'aunin PennHIP (wata hanyar auna sakin ƙugu ta daban), iyakar da haɗarin amosani ke farawa. Masu binciken na ɓangaren PennHIP ne, a riƙe wannan a rai, amma hujjar murɗewar ba ta da ja. PennHIP na ɗaukar hoto uku, ana iya yi tun mako 16, sai dai dole allurar barci da likitan da ya samu horonsu.

Rauni na biyu ya fi ciwo. Babu wanda ke tilasta wa mai kare ya aika hoton da ya ga ba kyau, kuma mummunan sakamako ba ya fitowa fili sai ya sa hannun amincewa. Ka ga 'yan ciki tara, biyu kacal ke rumbun, ka tambayi ina bakwai.

Lambar CHIC, wata lamba ta daban da OFA ke bayarwa, ita ma tana ruɗar mutane. Ma'anarta an yi gwaje-gwajen da ƙungiyar nau'in ta gindaya kuma an bayyana sakamakon, ba wai an ci su ba. Ga Great Dane, su ne ƙugu, ido, zuciya da tayirod. Na zuciya shi ne mai wuyar sha'ani, don buɗewar tsokar zuciya da ke kashe Great Dane da Irish Wolfhound kan bayyana ne bayan an girma. Hoton zuciyar da aka ɗauka kare yana shekara biyu ba ya wanke shi in ya kai shekara biyar, sai a duba kwanan watan gwajin, a nemi wanda bai wuce shekara ba.

Murɗewar ciki, wadda ke kashe Great Dane cikin 'yan sa'o'i, ba ta cikin jerin, ga shi kuwa haɗarinta na ƙaruwa in ta taɓa kama uwa, uba ko ɗan ciki ɗaya. Wannan sai dai a tambayi mai kiwon baki da baki.