Allurar ciwon ɓarin kai: abin da na gani a Ingila

Yaya, ina gaisuwa. Ya sanyin Jos, ya kuma jikin naki? Kin ce in binciko miki allurar nan ta ciwon ɓarin kai, in da hali in aiko.

Allurar gaskiya ce. Botox ce, waccan dai da masu kuɗi ke yi don goge tamojin goshi. Tun 2010 aka amince da ita a Amurka da nan Ingila ga wanda ciwon ya zaunar, wato mai fama da ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku. Na raka wata maƙwabciyata asibiti na gani da idona. Nas ta zaunar da ita, ta ɗauko 'yar siririyar allura ta bi goshi, gefen kai, ƙeya, wuya da kafaɗu, wuri 31. Nan da nan aka gama, ta gyara ɗankwalinta muka fito neman bas. Sai bayan mako 12 a sake, kuma ko sisi ba ta biya ba.

Sai dai ba haka kawai ake samunta ba. A asibitin gwamnati dole a ga kin gwada magungunan rigakafi aƙalla kala uku, irin su amitriptyline, propranolol da topiramate, ba su yi miki ba. Ga jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wata da watanni. In an yi zagaye biyu kwanakin ciwon ba su ragu da kashi 30 cikin 100 ba, dakatarwa ake yi.

Akwai wasu sababbi, Aimovig da Ajovy, da mutum ke yi wa kansa a cinya ko ciki duk wata. Su ma sai da takardar likita, ga tsada in za ki saya, kuma a firji suke zama. Ke da kanki kin san halin wutarmu. Don haka maganar aikowa, ki yi haƙuri, ba za ta yiwu ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne paracetamol. A kanti nan ƙwaya 16 ce a kwali, ba sa yarda su sayar miki fiye da kwali biyu. Mu kuwa a kasuwar Taminus ta Jos ko kati goma kika ce, mai kyamis zai ƙirgo miki har da "Allah ya ƙara sauƙi". Alhali shan maganin ciwon kai kwana 15 a wata shi ma yana haddasa wani ciwon kan, kuma kafin a yi wa mutum Botox sai an duba wannan.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da kan ya tashi da abin da kika sha. In kin cika wata uku, ki je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da shi ki nemi ganin likitan jijiyoyi. Kafin nan ki ɗauko min hoton duk magungunan da ke cikin jakarki ta WhatsApp, har da waɗanda kike ɓoye wa Mama.