Sashen retina da aka yi wa Baba aikin ido, ga ra'ayina

Jama'a duk wanda aka ce masa matsalar idonsa tana can ciki ne, ba yanar ido ba ce, ba kuma ta gilashi ba, to likitan retina zai nema, wato likitan tantanin cikin ido mai karɓar haske, kuma wanda muka samu a wani asibitin ido a Kaduna wallahi ya san aikinsa. Irinsu ba su da yawa, sai mutum ya gama likitanci, ya ƙware a ido, sannan ya sake komawa karatu kan retina kaɗai, shi ya sa za ka ga mutane daga jihohi daban-daban a bencin jira.

Baba walƙiya ya fara gani da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo, daga baya ya ce duhu na shigowa ta gefe guda. Aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, likita ya ɗaura fitilar nan tasu a goshi ya leƙa ya leƙa, sai ya jawo takarda ya zana mana ido da biro, ya ce Baba ka ga wannan siririn tantanin da ke shimfiɗe a bangon ciki, shi ke karɓar haske, naka ya yage ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, in ya kai tsakiya ko an yi aiki ba lallai gani ya dawo yadda yake a da ba. Da Hausa ya yi bayanin, a natse, kuma bai yi mana alƙawarin abin da ba nasa ba. Wannan ne ya fi kwanta min a rai.

A tiyata sun cire ruwan nan mai kauri na cikin idon, suka liƙe yagewar da hasken lesa, suka sa iskar gas ta danne tantanin har ya kama. Wahalar a gida take, don an ce ya riƙa kifa fuska ƙasa, tsoho ne ga ciwon wuya, sai da muka haɗa masa filo a kan tebur. Kuma babu hawa jirgin sama sai gas ɗin ya tafi gaba ɗaya, don a sama yana kumbura ya lalata idon, dole aka ɗaga tafiyarsa Umara.

Inda ban ji daɗi ba, layin kati da na biyan kuɗi yana cin rai, likitan ba kullum yake zama ba, kuɗin kuma gaskiya da nauyi ga talaka. Ku je da sassafe, ku tafi da ɗan rakiya don maganin ɗigawar yana sa gani ya dushe na wasu awanni, kar wanda aka duba ya yi tuƙi.

Yanzu Alhamdulillah Baba yana gane fuskokin jikokinsa da idon, ƙananan rubutu dai har yanzu da sauƙi-sauƙi. Likita ya riga ya faɗa mana yanar ido na iya biyo bayan irin wannan aikin, in ta zo, wurinsa za mu koma in sha Allah.