Kafin ka tura kuɗin tsuntsu kan hoton WhatsApp

Jama'a masu kiwo a Jos, yanzu ciniki ya koma waya, mutum na Bukuru kai kana Farin Gada, ya turo hoto ya ce mace ce, ka tura kuɗi, bayan wata uku ka ga ashe namiji ne da bai gama girma ba. Matsalar ita ce ƙaramin namiji kamannin uwarsa yake ɗauka kafin ya balaga.

Hoto kaɗai shi ne mafi sauƙi, amma ba kowane tsuntsu yake yi wa aiki ba. A dawisu yana taimakawa sosai in an ɗauko shi daga gefe da rana. Namiji sai ya kai wajen shekara 3 kafin doguwar jelar nan ta cika, don haka rashin jela ba hujja ba ce ko kaɗan, wuya za ka kalla da fiffike, mace wuyanta kore ne cikinta fari-fari bayanta ruwan ƙasa, shi kuma saurayin wuyansa na komawa shuɗi kuma fiffikensa na da zane baƙi da fari. A agwagwa ka ce a haɗa maka biyu sa'annin juna a hoto ɗaya, toro tun yana ƙarami ƙafafunsa da jikinsa sun fi girma. Talotalo kuma kai da tsokar saman baki ake dubawa, amma ƙanana gaskiya suna ruɗarwa.

Zabi kam ka manta da hoto. Bidiyo mai sauti za ka nema, don zabuwa kukanta gaɓa biyu ne tana maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya kawai yake iyawa. Tattabara ma haka, hoto zai nuna maka ɗan shila ne ko babba ta laushin hanci da ragowar gashin nan rawaya, amma jinsi sai ka ga wanda ke kumbura wuya yana juyi yana kuka.

Ni a ganina in kuɗin ya yi nauyi, musamman dawisu, ka hau mota ka je da kanka ko ka tura wanda ya san kiwo. Kuma in ƙwai kake so da wuri, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki wadda ta riga ta fara yi, ƙananan nan masu araha sai in za ka sayi huɗu ko biyar ka jira su bayyana kansu.