Sharhi kan ƙaramar mita DT830B: kafin ka sayi batir na uku

Motar da ta cinye batir biyu a shekara ɗaya, laifin yana jikinta. Amma a tashoshin su Ringim, Gumel da Ɓaɓura, inda Golf da Sharon ke jigilar 'yan kasuwa, mai shago ake fara zargi da sayar da jabu, sai a sake saye, sabon ma ya bi sahu. Na yi aiki da ƙaramar mitar awon wutar nan mai ruwan ɗorawa, DT830B, wadda ake samu a Ƙofar Ruwa da shagunan kayan wuta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na batir, kuma tana kama yawancin abin da ke kashe shi. Tana da nata aibu, zan zo kansu.

Inda ta fi ƙwarewa shi ne awon bolt. Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da aka rubuta V, a juya maɓalli zuwa DCV 20. Da safe, kafin a tayar da mota, a ɗora a kan batir. Cikakken batir yana nuna 12.6, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12.0 kuwa ya zube. Wani ya yi ki, wato ya murɗa makulli don tayar da mota, kana kallo: in ya faɗo ƙasa da 9.6, batirin ya gaji. Da inji ya tashi, lamba ta zauna tsakanin 13.8 da 14.5.

Wannan awon na ƙarshe shi ne mai tona asiri. In ka taka totur ka ga ta haura 15, katawut, wato mai daidaita wutar da altanata (na'urar da ke caja batir) ke bayarwa, ya lalace, yana dafa batirin ne. Alamominsa: ruwa na ƙonewa da wuri, gefen batir ya kumbura, ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na yawan mutuwa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, irin wannan batir ba ya daɗewa. In kuma ka kunna fitilu da fanka ta sauko ƙasa da 13, caji ne bai isa ba. A fara da fambel ko ya saki, sannan burushi. Batirin da kullum yake kwana da yunwa, gishiri ke daskarewa a farantansa, daga nan ko an kai shi wajen mai caji ba ya riƙewa.

Wani lokaci altanata lafiyarsa ƙalau, wutar ce ke ɓacewa a hanya. Inji na aiki, fitilu a kunne, a sa waya ɗaya a babban notin bayan altanata, ɗaya a kan batir na ja. Kada ya wuce 0.5. Tsakanin jikin inji da kan batir na baƙi, kada ya wuce 0.2. In ya wuce, a nemi tsatsa, sakakken noti, ko kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama.

Sai satar wuta, wato mota a kashe amma wani abu na sha. A zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire kan batir na baƙi, a mayar da jar waya ramin 10A, a juya maɓalli zuwa 10A, a haɗa mitar tsakanin batir da wayar da aka cire. Motoci masu kwamfuta sai an ba su kamar rabin awa su yi barci. Abin da ake so amp 0.05 ko ƙasa. Lissafin a fili yake: batir mai 60Ah, in ana satar amp 0.5 awa 24, kullum 12Ah ke tafiya, kwana uku ya isa mota ta ƙi tashi. A riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lamba ta faɗo. Galibi rediyon da aka jona kai tsaye ne, ko cajar waya, ko fitilar but. In an gama fis duka lamba ba ta motsa ba, a kwance babbar wayar altanata. Ta faɗo? Dayod ɗin altanata, mai hana wuta komawa baya, shi ne ya ƙone, yana mayar da wuta baya cikin dare.

To, aibunta. Wayoyinta sirara ne, suna tsinkewa daga ciki, gara ka sayi wasu masu kauri tun farko. Ramin 10A ba shi da fis: in ka manta jar waya a can ka ɗora a kan batir, tartsatsi za ka gani, mita ta tafi. Kada kuma a yi ki tana haɗe a wannan yanayin. Ba ta kashe kanta, kuma in ƙaramin batirinta mai bolt 9 ya yi sanyi sai ta riƙa ƙara lamba, ka ɗauka altanata na dafa batir alhali ƙarya take. Ɓangarenta na AC daga 200 ya fara, don haka ba ta iya nuna dayod ɗin da ya fara lalacewa yayin da inji ke aiki. Wannan sai wajen mai rewaya da ke da babbar mita.

Duk da haka ta fi al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki wai a ga ko altanata na caji. Wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙona dayod da kwamfutar mota.

Abu biyu kuma ba aikin mita ba ne, ido ke ganinsu. Batirin da ba a ɗaure ba, gargadar hanyoyin ƙauye na zubar masa da farantai. Ruwan da za a ƙara masa kuma tataccen ruwan batir ne, ban da na rijiya ko na leda, ban da ƙarin asid, kuma ya ɗan rufe farantai kawai, kada a cika shi har baki.